Wakilin Shahrom

Litinin, 3 ga Oktoba, 1994. Ipoh

Gwiwa tun asuba. Na shafa man zafi, ko a jikinta.

Shahrom ya dawo aiki da faifai a aljihun riga, yana washe baki kamar wanda aka yi wa albishir. Shekara talatin da huɗu, ni na haife shi, amma in ya samo wani abu na kwamfutar nan sai ya koma ɗan yaye. Ya ce, "Mak," wato Inna, "yanzu masu kira za su iya kirana ni da kaina." Na ce, da can wa suke kira, ƙadangaren bango?

Bari in rubuta yadda na fahimta, don gobe zan manta. Kwamfutarsa ta ɗakin baya ta cinye layin wayar gidan nan dare da rana, shekara biyu ke nan. Mutane suna kirowa da nasu kwamfutocin, har daga Penang, su bar wa juna saƙo su tafi, kamar allon sanarwa na ƙofar masallaci. Shi ne mai allo. Wannan sabon ƙarin da ya saka kuwa ƙararrawa ce. In mai kira yana son mai allo da kansa, sai ya danna a can, injin ya yi ta kuka a nan har a zo. In an zo sai hira a rubuce, shi a saman gilashi, baƙo a ƙasa.

Ya gwada mini kukan. Ɗan tsakon da aka taka ya fi shi daɗin murya.

Na ce, wayar da mutum ba ya iya kira, yau ita ce ta koyi kiran mutum. Bai yi dariya ba. Sati shida ke nan da tafiyar Lela matarsa.

Laraba, 5 ga Oktoba

Injin ya yi kuka sau goma sha ɗaya tsakanin hantsi da la'asar. Na lulluɓe shi da tsohon tawul. Yanzu yana kuka kamar mai mura.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Littafin nan na Intan ne, jikata. Ta yi shafi uku na lissafi ta bari, ni kuma na gaje shi. Ga hoton kifi mai gashin baki da ta zana a bango, wai ni ce.

Tunda ba mai karantawa, bari in faɗi yadda aka yi. Mahaifin Lela, matar Shahrom, ya yanke jiki ya faɗi a Kuala Kangsar, rabin jiki ya shanye. Danginta suka yi ta kiran gidan nan tun safe har wayewar gari, ba abin da ke amsa musu sai shewar inji. Sai da ƙaninta ya hau babur ya zo. Tana haɗa kaya tana kuka, ni kuma da wannan bakin nawa na ce, ai da sun koyi yaren injin da tuni ya isar da saƙo. Wallahi na ɗauka za ta ɗan saki fuska. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Mak, ke komai wasa ne a wurinki."

Ta riƙe hannun Intan suka tafi jinya. Tsohon ya samu sauƙi, har yana zama. Su ba su dawo ba. Kullum Lela tana shigowa Ipoh a bas ta yi aikinta na ofis ta koma, ba ta biyowa ta layinmu. Shahrom ya je sau ɗaya, ya zauna a falo ya sha shayi ya yi wa surukinsa bayanin yadda waya ke aiki, ya dawo.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Kamfani zai tura shi Kuantan gobe, sati biyu, kafa injinan kwafe takarda. Na ce to allon fa? Ya ce allon yana kula da kansa. Da haka iyali suke, da na huta tun tuni.

Duk yini yana ɗaki yana danne-danne yana ƙyaƙyata dariya shi kaɗai. Na leƙa na ce me ake rabawa, ya ce, "Ba komai, Mak, za ki gani." Ya nuna mini maɓalli biyu. Ɗaya na kashe kuka. Ɗaya ya manna masa jan kyalle, na amsa kira ne, wai kada in taɓa ko da gobara ake yi.

Na ce in na mutu kana can fa, wa zai gaya maka? Ya ce, "Haba Mak."

Laraba, 12 ga Oktoba

Yau na ga abu.

Injin ya yi kuka ina shara, kafin in ja ƙafa in kai ya yi shiru da kansa. Na ɗaga tawul. Wani mai kiran kansa Damisa, don ba mai shiga da sunan yanka, yana rubutu a ƙasa yana tambayar wani wasa. Sai ga rubutu yana fitowa a sama, a wurin Shahrom, harafi bayan harafi, kujera kuwa ba kowa. Na yi a'uziyya na fita da baya, tsintsiya a hannu. Na kwana da fitila.

Alhamis, 13 ga Oktoba

Ba aljani ba ne. Na ja kujera na zauna masa tun safe har la'asar da tabarau. Maganarsa bakwai ce kacal, yana juya su kamar mai tuya:

To, sai me?
Ha ha ha. Ci gaba, ina ji.
Wannan surutu fa?
Allah ya ba da haƙuri.
Gaskiya ne, gaskiya ne.
Maigida ya gaji.
Ba ni da lokacin wannan, a sake kira gobe.

Aljanin da ya san kansa ba zai tsaya a bakwai ba. Kuma na gane bakin, na Shahrom ne in yana tsokanar abokansa. Abin da yake wa dariya ke nan ran Lahadi. In ƙararrawa ta gama kuka ba a zo ba, sai wannan ya amsa da sunansa. Na raɗa masa Wakili. Samarin sun san da shi, suna ta zolayarsa, wani ma ya tambaye shi ko yana da ƙanwa. Ya ce, gaskiya ne, gaskiya ne.

Na yi dariya ni kaɗai har da tari. Rabona da dariya an kwana biyu.

Juma'a, 14 ga Oktoba



Biyar da rabi, ina gyaran kifi, ya yi kuka. Na je da hannuna duk ɓawo don in ga wa Wakili zai yi wa rashin kunya yau. Sunan da ke ƙasa ban san shi ba. Sai rubutu ya fito, a hankali, ya fara da Abang, yadda mata ke kiran miji a nan:

"Abang, Lela ce. Daga ofis nake, kowa ya tashi. Tun Litinin nake kira."

Wakili ya ce, "To, sai me?"

Sannan ta rubuta: "An ba ni canjin wurin aiki zuwa Kuching. Juma'a mai zuwa zan ba da amsa. In na tafi, da Intan zan tafi."

"Ha ha ha. Ci gaba, ina ji."

"Abang, ba wasa nake ba. Shekara tara da aure. Ka ce mini wani abu."

"Ba ni da lokacin wannan, a sake kira gobe."

Ta kashe.

Jan maɓallin yana gabana. Na tsaya kamar turmi, kifi yana ɗiga mini a zane. Ban san me ya riƙe ni ba. Na sani: tsoro. Me zan ce mata, ni?

Ba ta san ya yi tafiya ba. Ba ta san da Wakili ba, an saka shi bayan ta bar gida. Kwana biyar tana haɗiye girman kanta tana kira, ɗana yana ce mata wannan surutu fa.

Kuching ƙetaren teku ce, sai jirgin sama. Ni da ko matattakalar bas sai an tura ni.

Asabar, 15 ga Oktoba

Na tsallaka gidan Letchumi maƙwabciyata na ari waya. Ta ba ni kujera da shayi mai madara, ta tsaya a bakin ƙofa wai tana tsince wake, kunne a miƙe.

Hajah Rokiah ce ta ɗauka, uwar Lela. Na yi gaisuwa, na tambayi mai jiki, sannan na ce, Hajah, ba Shahrom ne ke amsa wa Lela ba, inji ne ke magana da kansa.

Ta ce, "Sepiah, ba ke ce ranar bikin yaran nan kika rantse wa mutane kada ya haɗiye keken marigayi mijinki a kogin Perak, har ana jin ƙararrawar a cikinsa ba?"

Na ce wannan daban.

"Da gwandar da ta yi girma har kuka ɗaura mata riga?"

Na ce Hajah, ki ba ni Lela.

"Ta ce ba ta nan. Uwa dai uwa ce, na sani, dole ki kare ɗanki. Amma ki nemi tatsuniyar da ta fi wannan."

Letchumi, wadda ke ce mini Opah, wato kaka, ta ce, "Opah, keken nan ni ma na yarda da shi shekara biyu." Na ce ki ji da wakenki.

Shekara sittin da bakwai ina zuba ƙarya ana tafawa. Rana ɗaya na zo da gaskiya, ba mai saye.

Litinin, 17 ga Oktoba

Na sake arar waya na kira kamfanin Shahrom. Wata yarinya ta ce yau yana nan gobe yana can, za a bar masa saƙo. Na san irin wannan za a.

Biyar da rabi, ruwa da tsawa. Na zauna gaban gilashi har magariba. Damisa sau biyu. Ita babu.

Talata, 18 ga Oktoba

Babu. Saura kwana uku. Na dafa shinkafa na manta gishiri, na ci haka.

Laraba, 19 ga Oktoba

Zan rubuta duka, ko da zan kai isha.

Shida saura kwata ya yi kuka, da sunan nan na ranar Juma'a. Na ce bismillah na danna jan. Kukan ya tsaya, gilashi ya rabu biyu, wani ɗan ɗigo yana ƙifta mini ido a sama.

Ita ta fara. "Na zo in gaya maka ne kawai, zan sa hannu jibi."

Wanda ya jera haruffan nan Allah ya isa tsakanina da shi. Ba A kusa da B, an watsa su kamar tsabar kaji. Da yatsa ɗaya, hanci a kan maɓallai, na rubuta: lela mak ce

"Abang, ya isa. Kada ka saka Mak a ciki."

Na rubuta: ni ce sepiah. yana kuantan tun litinin waccan. inji ke amsa miki

"Uwata ta gaya mini labarin."

Sai dabara ta zo mini. Na rubuta: kashe ki sake kira. ba zan taba ba. ki tambaye shi sunan yarsa

Sai layi ya yanke. Na ce shi ke nan, na kore ta. Ina nan ina kallon bango, ya sake kuka. Na zauna a kan hannuwana don kada su yi gaban kansu. Ya gama kukansa, Wakili ya fito.

Ta rubuta, "Yaya sunan 'yarka?"

"Allah ya ba da haƙuri."

"Biyu da biyu nawa?"

"Maigida ya gaji."

"Kai jaki ne?"

"Gaskiya ne, gaskiya ne."

Ta kashe. Kira na uku na danna jan tun kukan farko.

Abin da ban sani ba sai yau: a hirar nan kana ganin kowane harafi lokacin da mutum yake buga shi, kuma in ya goge kana ganin yana gogewa, harafin yana ja da baya yana ɓacewa. Ta rubuta, "Mak, na zaci," ta goge. Ta rubuta, "Kwana tara ina," ta goge. Ni ina nan ina karanta abin da ba ta faɗa ba.

Sannan ta rubuta wannan ta bar shi: "Mak, wannan ya fi muni. Da shi ne, sai in ce fushi yake yi da ni. Ashe ma ba ya nan. Ya bar inji yana amsa wa mutane da sunansa, kamar yadda ya amsa wa dangina."

To. Ga halin tsiya. Kafin in ankara yatsana ya fara: ai injin ma ya fi shi yawan mag

Na tsaya. Na ga abin da nake yi. Na nemi wurin gogewa, ban san shi ba, Shahrom maɓalli biyu kawai ya nuna mini. Rabin wasan yana tsaye a gilashi tsirara, tana kallonsa daga can, ni ina kallonsa daga nan. Fanka tana juyawa. Na ji kunyar da ban ji ba tun ina amarya.

Na ci gaba daga inda na tsaya, tunda ba hanyar komawa: kin gani. wasa na fara kuma. ban san wurin gogewa ba. bar shi nan ki ga halina. ranar babanki na yi miki laifi. tsoro ne ya kama ni sai bakina ya riga ni. haka nake tun mutuwar baban shahrom. ba hujja ba ce. ki yafe mini. ba na ce ki dawo don shi ba. kada dai ki kai intan inda ba zan iya zuwa ba

Wannan ya ɗauke ni kusan rabin awa. Ta jira. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya.

Ta rubuta, "Mak, ni ma," ta goge. Ta rubuta, "Intan tana tambayarki kullum. Haƙorinta na gaba ya fita." Wannan ta bari. Sannan, "Mai gadi zai rufe. Sai anjima."

Wuyana ya sage. Yatsan ya kumbura. La'asar ɗin ma sai da na rama.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Lela ba ta kira ba. Wani yaro ya buga ƙararrawa, na danna jan na rubuta masa: je ka yi karatu. Ya ce, "Kai, Wakili ya samu sabuwar magana."

Juma'a, 21 ga Oktoba

Tun huɗu na zauna. Biyar da rabi daidai.

"Mak?"

ni ce

"Na ce musu ba bana ba. Shugaban bai ji daɗi ba, ya ce ba lallai a sake ba ni ba. Ba don ɗanki na yi ba."

na sani

"Kuma ba zan dawo gidan da waya ba ta kiran mutane ba. Ki gaya masa da bakinki, ba ta inji ba."

to

Shi ke nan. Na je na kwanta tun kafin magariba kamar wadda ta yi dakan buhu. Ban yi kuka ba, man zafin ne ya shiga mini ido.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Ya dawo jiya da busasshen kifi tsaraba, yana tambayar ko allo ya yi lafiya. Saƙon kamfani bai same shi ba, dama. Na ce zauna. Na ce injin yana ajiye hirar da aka yi? Ya ce yana ajiyewa. Na ce buɗe daga Litinin ɗin da ka tafi, ka karanta, kada ka tsallake layi.

Ya fara da murmushi, saboda su Damisa. Sai murmushin ya tsaya a rabi. Na ga wuyansa daga baya, kamar na babansa ranar da aka rufe mahaƙar kuzar da yake aiki.

Ya ce, "Mak, wasa ne fa. Don abokai na rubuta."

Na ce na san gidan da ka koyo.

Ya karanta har nawa, da rabin wasan da komai. Ya daɗe a zaune, sannan ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya zare igiyar daga kwamfuta ya mayar wa tsohuwar wayarmu, wadda sai da ya hure mata ƙura. Ya ce zai nemi layi na biyu, an ce jiran wata huɗu ne, allon ya jira. Muryarsa kamar mai sanar da rasuwa. Mutum ɗari biyu ne a allon nan, ya san su duka da sunayen ƙaryarsu. Na tausaya masa, ban nuna ba.

Yau da safe ya hau bas ɗin Kuala Kangsar. Na ce kada ka yi wa kowa bayanin yadda waya ke aiki.

Talata, 25 ga Oktoba

Wayar tana kira yanzu, sau ashirin a rana. In na ɗauka sai inji ya yi mini shewa a kunne, su Damisa ne ba su ji labari ba. Ina gaishe su in ajiye. Na gaji. Shahrom ya dawo jiya, ya ce sun yi magana da Lela a ƙarƙashin bishiyar rambutan, ta fi shi yawan magana. Ba ta ce yaushe ba.

Lahadi, 30 ga Oktoba

Lela da Intan sun zo yini. Yini kawai, da bas ɗin shida suka koma, kayansu suna can.

Intan ta hau mini gwiwa, mai ciwon, na bar ta. Ta ce, "Opah, ba ni labarin kada." Na ba ta, na ƙara masa ƙafa ɗaya.

Lela ta sumbaci hannuna a bakin ƙofa, ba mu kalli juna sosai ba. Ta kawo kuih, ƙananan waina mai zaƙi ta kwakwa, ta ce da hannunta ta yi tun asuba. Allah ya sani, da shi za a iya gyara katangar Letchumi. Na ciza, ya ciza ni. Magana uku suka zo mini a jere, ta tsakiyar ma mai kyau ce ƙwarai, da Hajah Rokiah ce a gabana da ta sha.

Na haɗiye duka ukun, na ci kuih biyu. Na ce a ajiye mini sauran.

Ba wani abu ba ne, bakina ne a cike. Gobe sai in ga mai haƙori.